Taku Talatin Daga Bakin Rafi

A garin Asuofi, can cikin kurmin Sefwi, an yi wani mutum mai suna Amponsa. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ba ya sata, ba ya shaye-shaye, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce masa rago ba. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishi mutum goma: girman kai, irin wanda gaggawa ke biye da shi. In ya kalli abu sau ɗaya, to ya riga ya fi wanda ya shekara arba'in a kansa sani.

Shekara goma sha biyu ya yi a Takoradi yana kula da lambun gidan wani attajiri. A can aka sa masa a kai cewa ganye in ya faɗi ƙasa ya zama ƙazanta. Ciyawa a aske ta ƙwal, ganye a share kafin maigida ya fito, abin da aka share a cinna masa wuta. Da wannan karatu ya dawo gida, da farar riga mai guga, da takalmin roba da yake wankewa kullum kamar kwanon cin abinci.

Rasuwar kawunsa Bediako ce ta dawo da shi. A wurinmu gonar dangi ba ta bin mata ko 'ya'ya, ɗan 'yar'uwa ne ke hawa kanta. Saboda haka dangi suka zauna suka damƙa masa gonar kokon kawunsa, wadda ta taso daga bakin hanya ta gangara har rafi. Rafin nan daga kurmin kakanni yake fitowa, inda ba a shiga da adda. Sai ya bi gefen gonar, sannan ya wuce ta ɗan yankin da marigayin ya ba matarsa, Maame Dufie, tun yana raye, a gaban shaidu.

Ranar da aka kai shi ya ga iyaka, Maame Dufie ce a gaba, don babu wanda ya kai ta sanin gonar. 'Yar gajeruwa ce, mai kaifin baki. A kasuwa in ta yi wa agadenta kuɗi, sai dai kai ka matsa, ita ba ta matsawa. Amponsa ya shiga gonar ya tarar da duhu da rana tsaka. Manyan itatuwa sun rufe sama, ga odum, ga ofram, ga maɗaci, ga wani rimi da mutum biyar ba za su rungume shi ba. A ƙasa kuwa ganye har idon sawu, ɓawon koko tsibi-tsibi yana ruɓewa, kututturan agade an sassare an watsar. Takalminsa ya nutse. Ya toshe hanci.

"Maame, wannan gona ce ko juji?"

"Jujin nan ne ya kai ka makaranta," in ji ta, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Kawu tsufa ne ya kama shi. Koko yana neman rana, an bar shi ƙarƙashin waɗannan ƙatti suna shanye masa abinci. Ki ba ni wata shida ki ga yadda ake gona."

Ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ɗana, koko ɗan inuwa ne. Kada ka taɓa manyan nan, kada kuma ka share ƙasan nan."

"To, na ji," ya ce, irin "na ji" ɗin da ake ce wa tsofaffi don su yi shiru.

Mako bai zagayo ba ya ɗauki adda da gatari. Ya bi manyan itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana yanke musu ɓawo a zagaye, ya tara busasshen ganye a gindinsu ya sa wuta. Ba su faɗi nan take ba, a tsaye suka mutu. Ya sare duk abin da ba koko ba har bakin ruwa. Sannan ya sayo tsintsiya biyu ya miƙa wa matarsa Pomaa ɗaya. Pomaa ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin an share gona da tsintsiya ba. Ya ce to yau ta gani. Suka share, suka ƙone. Ya sayo maganin ƙwari yana feshi, ko ya ga ƙwaro ko bai gani ba. Gona ta fito fes kamar tsakar gida, kana tsaye a bakin hanya kana hango rafi.

Gaskiya a faɗe ta ko da ɗaci: shekara uku kokon ya yi abin mamaki. Rana ta buge shi, toka ta ciyar da shi, ya yi 'ya'ya kamar zai karye. Amponsa ya sa wa gidansa sabon kwano. Samari suka riƙa zuwa kallon gonarsa, wasu har suka fara wasa gatarinsu. In ya haɗu da Maame Dufie a hanya sai ya ce, "Maame, yaya jujinki? In turo Pomaa da tsintsiya?"

Ita kuwa ta ce, "Ka ci gaba da rawa, ɗana. Mai rawa da tsakar rana yana burge mutane, amma ba ya kai yamma."

A shekara ta huɗu ganyen saman kokon ya fara ƙonewa. A ta biyar rassa suka bushe daga sama suna gangarowa. Ƙasa ta yi tauri, in an yi ruwa sai ya wanke ta zuwa rafi, in rani ya yi sai ta tsattsage. Rafin da bai taɓa ƙafewa ba ya koma yashi tun kafin tsakiyar rani. Pomaa ta daina samun dodon koɗi da ƙaguwa na miya. Ko kukan tsuntsu babu, in ka shiga gonar sai ka ji kamar an yi rasuwa. Abin da ya fi ɗaure wa Amponsa kai shi ne, itatuwan da ke da sauran rai suna yin fure fari fat a jikinsu, amma sai furen ya zube, babu ɗa. Ya ƙara taki, ya ƙara feshi. Kamar ana zuba ruwa a kwando.

Ana nan sai ga dillalin masu haƙar zinariya ya shigo gari, wani mai ƙaton ciki da zobba a yatsu huɗu. Ya ce akwai zinariya a bakin rafin, kuma gonar ai ta riga ta mutu. Kowa ya san abin da mutanensa suka bari a garin da ke gaba da mu: ramuka masu cin awaki da ruwa kamar kunun kanwa. Amma yunwa ba ta kallon gaba, dangi da yawa suka karkata.

Ranar wata Alhamis, da ba a shiga gona, shugaban dangi Opanin Kwarteng ya tara mutane a gidansa. Tsoho ne tukuf, da sanda yake tafiya, amma maganarsa ba a maimaita ta.

"Amponsa," ya ce, "gona muka ba ka ko filin ƙwallo?"

Aka yi dariya. Amponsa ya sunkuyar da kai.

"Ƙasa ta dangi ce. Wanda ke nomanta shi ke da ita, wanda ya kasa, ta dawo hannunmu. Ga mai so ya zo."

"Baba, a ba ni lokaci," in ji Amponsa.

Tsohon ya ce, "Girbi uku. In na zo a na uku na tarar da abin da na gani jiya, katafila za ta shiga."

Amponsa ya koma gida ya kasa cin sakwarar da aka ajiye masa. In gonar ta tafi, sai dai ya koma sharar gidan wani, kuma har jikokinsa za a riƙa nuna su ana cewa a hannun kakansu aka haƙe gonar Bediako.

Pomaa ta ce, "Rafi ɗaya, ƙasa ɗaya, rana ɗaya. Me ya sa kokon Maame ke ɗauke da 'ya'ya har ƙasa, namu yana tsaye kamar sandar makaho? Ka je ka tambaye ta."

"In je wurin matar nan? Ai sai ta cinye ni ɗanye."

"To ta cinye ka. Girman kan naka ne za mu zuba a miya?"

Kwana uku yana juya maganar, a na huɗu ya tafi. Ya same ta a ƙofar ɗakin girki tana fasa ƙwarar kwakwa a kan dutse. Ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Ga kujera a gefenta, amma ba ta ce ya zauna ba.

"Maame, na zo ne a kan..."

"Na san abin da ya kawo ka. Har kajin garin nan sun sani. Ina farar rigar?"

"Maame, ki yi mini rai. Ki nuna mini abin da zan yi. In gonar ta tashi, rabin amfanin naki ne."

"Rabin me? Rabin toka? Ka taɓa jin na sayi kifi yana cikin ruwa?"

"To me kike so?"

Sai a nan ta ajiye dutsen. "Bakin rafi. Daga kurmin kakanni har iyakata, ka mayar da shi kurmi. Ba koko, ba rogo, ba gwaza. Taku hamsin daga ruwa."

"Hamsin! Maame, ai nan ne sauran ƙasa mai kyau! Goma."

Ta ɗauki wata ƙwarar ta fasa. "Pomaa tana lafiya? Ka gaishe ta."

"Sha biyar."

"In za ka fita ka ja mini ƙyauren, awaki na shigowa."

"Ashirin, Maame, don girman Allah."

"Arba'in, don girman kawunka."

"Ashirin da biyar."

"Albarka."

Ya juya ya tafi har bakin ƙyaure, yana jira ta kira shi kamar yadda masu sayarwa ke yi. Babu abin da ya ji sai ƙarar dutse a kan ƙwara. Ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo.

"Talatin."

"Talatin," ta ce. "Amma da ƙafarka za a auna, ba da tawa ba. Allah bai ba ka wannan tsawon a banza ba. Zauna. Saura gyara."

"Har da gyara?"

"Ka taɓa ganin na bar kasuwa ba gyara? Tsintsiya ta koma gida. Tulun feshin nan ka rataye shi, sai na ce ka sauke. Duk ranar kasuwa ka bi masu agade ka kwashe ɓawo da kututture ka kai gona, a kanka, ba a mota ba. Kuma duk tsiron da ya fito wanda ba ka san sunansa ba, kada addarka ta taɓa shi sai na gani."

Washegari suka auna. Yana takawa tana bayansa tana ƙirgawa, in ya rage taku sai ta ce, "Buɗe ƙafa! Ba amarya ba ce kai." Suka kakkafa turaku tun daga kurmin kakanni har iyakarta.

Ranar kasuwa ta farko ita ce mafi tsawo a rayuwar Amponsa. Ya naɗa gammo, ya ɗora daro cike da ruɓaɓɓen ɓawo, ruwan yana bin wuyansa. Hanyar gona kuwa dole ta bi gaban masu dara.

"A'a! Oga na Takoradi! An ƙara maka girma ne?"

"Amponsa, akwai wata sharar a bayan ɗakina, kyauta, har da ta akuya!"

"Ku bar shi, turare ne na Turawa, ku ba ku waye ba."

Da a da ne, da an raba faɗa. Ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa, sau shida a ranar. Mako na zagayowa ya sake. Da aka yi wata biyu masu darar suka gaji, har ɗayansu ya fara taya shi ɗora kaya.

Damina na sauka Maame ta sa shi dasa agade tsakanin kokon, don ya yi inuwar gaggawa kafin manya su taso. Suka yanke matattun rassa, suka cike gurbin itatuwan da suka mutu. Kullum da safe su bi ƙarƙashin itatuwanta da gefen kurmin kakanni suna tono 'yan tsirrai da ƙasarsu, su naɗe a ganye su kai bakin rafi. Kowane ɗaya sai ta faɗi sunansa da halinsa, ta sa shi ya maimaita kamar ɗan makaranta. Wannan yana son ƙafarsa cikin ruwa. Wannan a bar masa sarari, zai yi kai. Wannan ɓawonsa na zazzaɓi ne. Sannan ta sa shi ya kakkafa dogayen gora a cikin taku talatin ɗin, kowace da sanda a gicciye a samanta.

"Wannan kuma na shanya ne?" ya tambaya.

"Na baƙi ne. Tsuntsu ba ya sauka inda babu wurin zama. In ya ci 'ya'yan itace a kurmi ya zo nan ya huta, me zai bari a ƙasa?"

"Yanzu Maame, gadin kashin tsuntsu zan koma?"

"Shi ya fi ka iya shuka, kuma ba ya neman lada."

Girbin farko ya zo, bai taka kara ya karya ba. Rani ya kashe kusan rabin abin da suka dasa. Gonar ta cika da ciyayi da tarkace, ga wari, ga dillali yana wucewa a mota yana danna masa ƙaho. Wata safiya tsohon halin ya motsa. Amponsa ya wasa adda ya nufi bakin rafi, ya ce gara ya share ya shuka rogo, ko banza a ci. Kafin ya kai turakun ya tarar da Maame ta riga shi, tana tsugune gindin wani koko.

"Ajiye wannan abin ka zo," ta ce. "Durƙusa."

"Maame, na gaji. Shekara guda ina dakon shara..."

"Na ce durƙusa. Tsawonka ne ya hana ka gani tun farko."

Ya durƙusa. Ta nuna masa wani fure a jikin itacen, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Da farko bai ga komai ba. Can sai ya ga wani ɗan mitsitsin ƙuda, bai kai ƙwayar gero ba, ya fito daga cikin furen ya shiga na kusa da shi. Ga wani. Ga wani kuma. Ta ɗaga wani ruɓaɓɓen guntun agade da ke gefe, sai ga irinsu sun tashi kamar hayaƙi.

"Ka gan su? Kawunka ne ya nuna mini su, a durƙushe kamar haka. Ƙudan zuma ya yi wa furen koko girma, waɗannan kaɗai ke shiga. In ba su shiga ba, babu ɗa. A cikin ruɓa suke haihuwa, a inuwa suke yini. Kai ka zo ka share gidansu, ka ƙone, wanda ya tsira ka bi shi da feshi. Sannan ka tsaya kana tambayar fure me ya sa ya zube."

Ta matsa da yatsa ƙasa kaɗan. A nan, inda fure ya bushe, ga wani ɗan koko kore, tsawonsa bai fi ƙwayar wake ba. Amponsa ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi, addar da ya wasa don share kurmi da ita ya yanko sababbin gora.

Daga ranar ba a sake tura shi ba. Inda tsiro ya mutu ya sake dasa biyu. Da rani shi da Pomaa suka riƙa tono ruwa a yashin rafi suna bi da shi gindi-gindi. Ƙarƙashin gorar nan kuwa abubuwa suka riƙa fitowa waɗanda ba wanda ya shuka. Cilakowa ta fara sauka, sai aku, jemagu kuma suka bar shaidarsu a ganye. Girbi na biyu ya ninka na farko. A damina ta uku kwaɗi suka dawo da surutunsu, Pomaa ta shigo gida da dodon koɗi cike da gefen zane tana guɗa.

Ranar alkawari ta zo, ana tsakiyar ɗibar koko. Opanin Kwarteng ya taho da sandarsa, dangi na biye. Dillali ma ya zo, da kwalbar giya ta ƙulla magana a hannu, wani mutuminsa na jan rago. Maame Dufie ta ɗaura zanenta na zuwa coci ta bi bayansu, ko da yake ba wanda ya gayyace ta.

Suka shiga ta bakin hanya. Agade ya rufe sama, iska ta yi sanyi, ƙafa na nutsewa a ganye. Jikin itatuwan koko kuwa 'ya'ya ne tun daga gwiwa har inda hannu ba ya kai, rawaya da ja da kore. Tsohon ya ƙwanƙwasa ɗaya da sanda, ya gyaɗa kai.

Dillali bai damu ba, ya yi murmushi. "Baba, madalla, koko ya yi kyau, a bar masa kokonsa. Ni dama ba nan nake so ba. Mu gangara."

Suka gangara har inda turakun suke. Daga nan zuwa ruwa babu koko ko ɗaya, sai matasan itatuwa sun fi mutum tsawo, da kurangar daji, da ciyayi.

"To, Baba," in ji dillali, "da bakinka ka faɗa: wanda ke noma shi ke da ƙasa, wadda aka bari ta dawo hannun dangi. Wannan gona ce? Wannan daji ne. Shekara uku bai shuka ko barkono a nan ba. An yasar da ita, ni kuma ita nake nema."

Maganar tana kan al'ada, kowa ya sani. Wasu daga cikin dangi suka fara gyaɗa kai. Amponsa ya waiwaya wurin Maame, ita kuwa ta harɗe hannu tana kallon sama, kamar ba ta san shi ba. Wannan cinikin nasa ne.

"Baba," ya ce, "ba a yasar da ita ba. Nan na fi zuba gumi. Ka nuna duk wanda ka ga dama."

Tsohon ya ɗaga sanda ya nuna wani. "Wannan?"

"Ofram ne. Daga gindin na Maame na tono shi a daminar farko. Na farkon ya mutu, wannan ƙaninsa ne."

"Wancan mai jan toho?"

"Maɗaci. Gara ta taɓa shi bara, na zuba masa toka."

"Wannan siririn fa?"

"Odum ne, Baba. Ba ni na shuka shi ba, jemage ne. Ni dai na yi masa shinge don kada gada ta cinye shi."

"Gada?" wani ya ce. "Gada a nan?"

"Ga sawunta can a laka."

Tsohon ya kutsa ciki, ana riƙe masa rassa. Ya nuna goma, ya nuna ashirin, Amponsa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Can sai tsohon ya tsaya gaban wani ɗan itace mai ganye masu sheƙi. Ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya shinshina.

"Wannan wa ya kawo shi?"

"Ƙarƙashin gora ya fito, Baba. Tsuntsu ne. Maame ta ce asawaki ake yi da shi."

"Da shi uwata ke goge baki," in ji tsohon a hankali. "Na ɗauka ya ƙare a ƙasar nan."

Ya ƙarasa bakin rafi. Rani ya fara, amma ga ruwa yana gudu garau, ana ganin tsakuwa, wata ƙaguwa ta ruga ƙarƙashin dutse. Ya ba wani sandarsa, ya tsuguna da kyar, ya kamfata da hannu biyu ya sha. Sannan ya miƙe ya fuskanci dillali.

"Daji shi ne inda ba wanda ya san sunan kowa. Wurin da mai shi ya san kowane itace da ranar da ya zo da cutar da ta taɓa kama shi, wannan ba a yasar da shi ba. Ɗauki kwalbarka yadda ka kawo ta. Ba za a buɗe ta a nan ba."

Pomaa ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi. Dillali ya buɗe baki zai ƙara magana, Maame Dufie ta riga shi.

"Ka ji abin da manya suka ce. Ja ragonka. Amma abin da ya zubar a gindin ofram ɗin can, wannan kam mun karɓa, mun gode."

Dariya ta ɓarke har da masu gyaɗa kai ɗazu. Dillali ya hau tudu yana haki, rago na turjewa a bayansa. Amponsa ya zo gaban Maame zai durƙusa, ta daka masa tsawa.

"Tashi, kada ka taka mini tsiro! Kuma kada ka ga an yi guɗa ka ce an gama. Maƙwabcinka na tsallaken rafi ya aiko yana son magana. Gobe za ka raka ni. Kai za ka yi masa awo, ƙafarsa gajera ce."

Yau in ka tsaya a kan tudun Asuofi za ka ga kurmi ɗaya ya bi rafin tun daga na kakanni har ya ɓace wa ido, don gonaki bakwai ne suka ba da bakin ruwansu ɗaya bayan ɗaya. Birai na bi ta sama daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba su taɓa ƙasa ba. Suna satar koko kaɗan, ana zaginsu, ana kuma bar musu. Mata na samun dodon koɗi da ganyen magani ba tare da sun yi nisa ba, rafin kuma bai sake ƙafewa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙasa ba ta mutum shi kaɗai ba ce, kuma ba duk abin da ido ya raina ne banza ba. Amponsa ya kori itace da tsuntsu da ɗan ƙudan da bai kai ƙwayar gero ba, yana ganin shi ya fi kowa sani, ashe ma'aikatansa yake kora. Girman kai da gaggawa suka ba shi daɗin shekara uku, suka kusa raba shi da gadon kakanninsa har abada. Da ya sauke kai ya tambayi wadda ta riga shi sani, ya yi haƙuri ya mayar wa kurmi rabonsa, sai kurmin ya mayar masa da ruwa da inuwa da amfanin gona da mutuncinsa. Saboda haka, mai gona, ka bar wa sauran halittu wurin zama a gefenka. Wanda kuma ya riga ya yi ɓarna kada ya ce lokaci ya wuce: ya nemi masu sani, ya karɓi sharaɗinsu ko da tsada, ya fara dasawa.